Almustafa Mai Kiwon Mota

Ni Azumi ban cika yabon namiji ba, duk unguwarmu an sani. Amma maƙwabcina Almustafa ya sa na riƙe baki.

Mutumin wajen Takanamat ne, a bayan raƙuma ya tsufa. Da shekarar fari ta cinye su, ɗansa Alhusaini ya ɗauko shi ya kawo Tawa, ya ajiye shi a ɗaki da rediyo. Tsoho ya daina cin abincin kirki, ya daina magana. Ana nan Alhusaini ya shirya tafiya neman aiki Aljeriya, ya bar motarsa shuɗiya a tsakar gida, gindin itacen bedi.

"Abba, ka sa mata ido," in ji shi. "In ta fi ƙarfinka, ina dawowa zan kai ta garaji ta riƙa kwana can."

Ta kan katanga na ji, na kuma ga fuskar tsohon. An ba makiyayi abin kiwo, an ce kuma ana iya karɓewa.

Washegari ya ga ƙura a kanta, ya kama bakin rawaninsa ya goge ta a bushe, da ƙarfi. Da rana ta haska, sai ga zane-zane a murfin injin kamar kyanwa ta yi wasa a wurin.

"Kai tsoho," na ce, "ko tukunya ai sai an jiƙa ta! Kashe motar yaro za ka yi?"

Ya ɗauki sandarsa ya nufi tasha, wajen wani Ciɗo mai wankin motoci. Ya tsuguna gefe yana kallon hannunsa, yau ya je, gobe ya je, har direbobi suka zaci mota yake jira. Ranar da ya ga ya ƙoshi da kallo, ya dawo da bokiti biyu, da soso mai laushi, da sabulun mota, da gwangwanin man gogewa.

Abin da idona ya gani daga nan, ko jego ban ga an yi da ladabi haka ba. Da sassafe yake farawa, cikin inuwa, ya ɗora tafin hannu a ƙarfen ya ji ko da zafi, yadda ake taɓa wuyan dabba. Ba ya taɓa ta da soso sai ya bi ta da buta, ruwa ya sauko da rairayin. Daga bisa yake sauka ƙasa. Bokiti ɗaya na kumfa, ɗaya na ɗauraye soso, don kada yashin da ya kwaso ya koma jikinta. Tayoyi tsummansu daban, kuma su ne ƙarshe. Na miƙa masa garin sabulun wankina, ya ƙi.

"Na tufafi ne, Azumi. Yana cin fatarta."

Fatarta! Haka yake faɗi.

Ba ya barin ruwa ya bushe da kansa, wai ruwan famfonmu na barin farin tabo. Yakan tsane ta da tsohon zane mai taushi. Lungunan da yatsa ba ya shiga, asuwaki yake taunawa ya yi laushi, ya bi su kamar mai neman kaska. Ramukan iska na ciki kuwa gashin kaza yake zura musu. Man gogewa kaɗan yake lakata, ya shafa yana kewayawa, ya jira ya dushe, ya share. A hankali zanen rawanin nan ya yi ta ɓacewa. Shi kuma tsoho ya koma cin tuwo, har yana yi mata waƙa da yarensu.

Wata safiya na leƙa, na ga bedi da sararin sama kwance a jikin ƙofa, ga wata tsohuwa mai haƙori uku tana kallona. Ni ce. Turkuɗi sabon bugu bai kai ta sheƙi ba. Na ce tsarki ya tabbata ga Allah.

Sai dai ba ni kaɗai na ga kaina ba. Ranar da ake jiran Alhusaini, ragona na layya ya tsinke igiya ya faɗa gidansu. Ya tsaya gaban ƙofar mota, ya ga wani ƙaton rago yana hararar sa. Ya ja da baya, ya sunkuyar da kai. Ni ina ta ihu, ban san abin da zai yi ba. Almustafa ya sani. Bai nemi sanda ba, ba lokaci. Ya shiga tsakani ya tsaya, ƙahon ya sauka a gwiwarsa. Na ji ƙarar har cikin haƙorana. Ya faɗi riƙe da wuyan ragon, abin da ya fara dubawa kuma ƙofar ce.

Da la'asar Alhusaini ya iso, ya tarar da ubansa zaune da ƙafa ɗaure. Ya kewaya motar yana shafa ta, ya ji labari, ransa ya ɓaci.

"Haba Abba! Ƙarfe ya fi ƙafarka? Gobe garaji za ta."

Tsoho ya sunkuyar da kai. Nan na kasa shiru.

"Kai yaro," na ce, "ka bar uba ba ya ci ba ya magana, ka dawo ka iske shi yana waƙa. Wa kake tsammani ya yi jinyar wani? Ɗauke ta, ka ga wanda zai fara tsatsa."

Alhusaini ya daɗe yana kallon mahaifinsa. Can ya zaro mabuɗin daga aljihu, ya ɗaura masa a bakin rawani.

Har yau motar na gindin bedi, Almustafa na ɗingishi yana kewaya ta da butarsa. Ya saƙa mata zana ya rufe gefenta saboda dabbobi. Ragon kuwa ranar layya na aika masa da cinya, ya aiko a ce mini ya yafe wa mamacin.