Tautau a Ƙoƙo da Yatsar Uwar 'Ya'yana

Tun ba a san Nasara a ƙasar nan ba abin ya faru, amma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Da damina ne, muna noma a gonarmu ta wajen Kakangi, a bakin daji. Matata ta kawo mini fura, ta ga wani rami a gindin kunya, ta ɗauka na gyare ne, ta zura yatsa don ta kamo wa yara su gasa. Wani ƙaton tautau mai gashi ya cije ta a manuniyar hannun dama. Ni kuwa da zafin kaina na sa ƙotar fartanya na murƙushe shi, na kwashe a ƙoƙon furar, muka nufo gari.

Ita makaɗiyar zare ce. Masaƙan unguwarmu rububin zarenta suke yi saboda siranta, kuma da wannan yatsa take murza mazari. Duk hanya ba ta yi kukan zafi ba, cewa kawai take, "Malam, yatsar kaɗina ce fa."

A zaurenmu aka taru a kan ƙoƙo kamar ana shari'a. Tsohon wanzamin unguwa ya leƙa sau ɗaya, ya ce baƙin ne mai dafi, a yi sakiya yanzu ko hannu ya tafi. Wani Bafillace da ya zo gaishe ni ya ce a'a, jan ne, ƙasa ce ta ɓata shi, shi yake cizon shanu a hanci su kwana biyu su warware. Aka ƙirga ƙafafu, biyu sun ɓace a gona. Aka nemi zanen bayansa, ƙotata ta riga ta shafe shi. Wani ma cewa ya yi mace ce, kuma macen daban take da namijin har a launi. Mu Hausawa duk mai gashi tautau muke ce masa, ga shi ranar muna son suna ya yi mana magani.

Akwai wani maharbi Bagwari, maƙwabcin gonata, da ya biyo mu. Ya ce da wanzamin, "Baba, mushe ba ya faɗa. Rami yake faɗa. In baki da farin saƙa, mai sauƙi ne, a bar hannu. A je a duba."

Aka yi dariya saboda Hausarsa. Wanzamin ya ce shekara nawa yana riƙe da aska, ba zai taka zuwa daji ya yi wa rami tambaya ba. Gonar nan kuwa ba ta kai tafiyar tsakanin azahar da la'asar ba. Ba wanda ya tashi. Ni ma ban tashi ba, kunyar furfurar wanzamin ta zaunar da ni, kuma wannan ne yake cina fiye da komai.

Aka ɗora kibiya a wuta, aka huda yatsar har wuri uku. Kumburin cizon ya sace a kwana biyu, amma hujin ya yi ruwa, ya ci jijiya. Da ya warke, yatsar ta miƙe ƙyam, ba ta ƙara tanƙwaruwa ba. Wanzamin ya riƙa yawo yana cewa shi ya ceci hannun. Da na koma gona ruwa ya cike ramin.

Bayan damina huɗu wani tautau ya cije ni a gonar, a yatsa. Ban kashe shi ba, na durƙusa na dubi ramin, ga farar saƙa a bakinsa. Ban sa komai ba, kwana biyu na warke. Ko irinsu ɗaya da nata, Allah ne masani. Na ɓoye hannuna cikin riga har kumburin ya tafi, ina zaune ina kallonta tana gurzar audugar wasu mata su kaɗa. Har ta rasu ban gaya mata ba.