Hannun Jarina a Kamfanin Ƙanƙara

A shekarun da firij bai wuce gidajen manya ba a Jidda, ni sabon magidanci ne, haifaffen unguwar Ruwais, ina bin gida-gida da amalanken jaki ina sayar da ƙanƙara. Kowa ya san muryata, ni kuma ina ji da kaina. Kuɗi nake tarawa don mu sayi fili a unguwar Waziriyya, ni da matata mu huta da haya.

Wata rana wani dillali a bakin kamfanin da nake saro ƙanƙarar ya ce mini ana sayar da sahamu, wato hannun jari. Ya ce in na saya na zama ɗaya daga cikin masu kamfanin: in an ci riba a ba ni rabona, in an faɗi mu faɗi tare. Maganar ribar kawai kunnena ya ɗauka. A garin da zafi ke dafa mutum, wa zai daina sayen ƙanƙara? Matata ta roƙe ni in bar rabin kuɗin a gida, na ce mata wannan ba harkar murhu ba ce. Na kwashe kuɗin filin kaf na zuba. Da ribar farko ta zo, har tafiyata ta canza.

Sai wutar lantarki ta yawaita a unguwanni. Abin dariya, ni da jakina ne muka riƙa kai wa mutane firij gida, ina murnar ladan dako. Ban farga ba sai da masu sayen ƙanƙarata suka fara ce mini halas, wato sun daina saye, daga bayan ƙofa. Ciniki ya mutu, riba ta tsaya, sahamun kuma ba mai taya shi. Sana'ata da ajiyata wuri ɗaya na ɗaure su, tare suka tafi.

Ina cikin wannan hali dillalin ya zo da fara'a. Wai ya samo wani dattijo tela, Bahaushen Sudan, bai jima da zuwa ba, zai saya kusan yadda na saya, ni dai in kama bakina. Ba zan ɓoye ba, na bi shi, filin nan na yi mini gizo. Dattijon ya ba ni shayi, ya kira ni ɗansa, ya tambaye ni in da mahaifina ne, zan ce ya saya? Dillali na taka mini ƙafa, na ce wa dattijon baba kada ka saya, na faɗa masa komai. Daga baya na sayar a wulaƙance ga wani ɗan kasuwa da ya san abin da yake saye. Matata ba ta yi mini gori ba ko sau ɗaya.

Masu karatu, hannun jari ba ajiya ba ne, yana hawa yana sauka. Kada ku zuba kuɗin da ba za ku iya rasawa ba, kada ku tara su a kamfani ɗaya, balle wanda abincinku ya rataya a kansa. In kuma asara ta same ku, kada ku ɗora wa wanda bai sani ba. Har na tsufa a gidan haya nake, amma wallahi ina alfahari da ranar nan da na faɗa wa dattijon gaskiya fiye da duk ribar da na taɓa ci.