Geron Bayan Gida

Lokacin da aka kawo ni gidan miji, a wani ƙauye kusa da Dayi, farfara, wato farar dawa, kowa yake nomawa. Maigidana yana yin auduga ya kai Funtua, amma ransa yana kan dawar nan mai dogon kara, wadda ya gaji irinta wurin kakansa. Ita kuwa ba ta nuna sai damina ta yi tsawo.

Sai damina ta soma gajarcewa. Ruwa ya makara, ya kuma ɗauke da wuri. Wata shekara muka yi shuka ta ƙone, muka sake, ta ƙone. Malam, haka nake kiransa, kullum da safe yana tsakar gida yana duban gabas.

Ana haka yayana ya zo daga Musawa da irin gero cikin ƙwarya. Ya ce, "Wannan ba ya jiran ruwan ƙarshe. Ku gwada."

Malam ya yi dariya. "Nan ƙasar laka ce, Yaya. Gero sai ku mutanen jigawa."

Na ce, "To a bar mini filin bayan gida."

"Naki ne. In tsuntsaye sun gode miki, ki ba ni labari."

Na shuka. Shi da ya ce ba ruwansa, sai in fito in iske an nome ciyawa. In na tambaya, ya ce sabuwar fartanya yake gwadawa. Da geron ya fid da kai, shi ya jera gwangwanaye a igiya don korar tsuntsayen.

Ruwa ya ɗauke lokacin da farfara take da ciki. Ta bushe a tsaye, zangarniya ba ƙwaya. Ranar da Malam ya tabbatar, ya dawo ya zauna gindin rumbu. Na dama masa furar sabon gero, na zauna kusa da shi. Sai da ya shanye ya ce, "Ashe yana da garɗi."

Geron bai cika rumbu ba. Da shi, da rogo, da ɗan wake muka lallaɓa, muka kuma rabu da akuyoyina.

Da bazara Malam ya hau mota ranar kasuwar Musawa, ya je neman iri da kansa. Ya sa gero a tudu, dawar kaura a tsakiya, farfara ya matsar da ita bakin fadama inda lema ke daɗewa. Girbinmu bai sake kai na da ba, amma ba mu kwana da yunwa ba. 'Ya'yanmu da tuwon gero suka tashi, har suna zaton na dawa abincin baƙi ne.