Robar da Gwadabe Ya Zaɓa wa Motarsa

A shekarar 1979 na fara sanin Gwadabe, shekarar da sojoji suka miƙa wa farar hula mulki. Ina akawu a wani kamfanin fatu da ƙiraga, shi kuma direban Alhaji Abdallah ne, wani dillalin fatu jikan Larabawan Tarabulus da ke zaune a gindin Dala. Gwadabe dogo ne, marar yawan magana, yana tuƙa wata farar akori-kura ƙirar Fijo.

Da kasuwa ta juya wa Alhaji baya, ƙarfinsa kuma ya ƙare, sai ya kira Gwadabe ya miƙa masa makullin motar kyauta, da sharaɗi guda. Duk wanda ya rasu a unguwar, a gida ko a asibiti, motar nan ce za ta ɗauke shi, kuma ba za a karɓi komai ba. Gwadabe ya ce ya ji.

Wahalar ita ce mota ɗaya ce. Da safe ta ɗauko ɗanyun fatu daga kwata, an barbaɗe su da gishiri, suna ɗigar jini da ruwa, ta kai su majema a Sharaɗa. Da rana kuma ana iya aiko masa a ce an yi rasuwa. Fatu ne abincin gidansa, gawa kuma alkawarinsa. Sai ya riƙa wanke bayan motar yana gogewa, amma gishiri ba ya barin ƙarfe. A shekarar 1999, lokacin da ake ta murnar sojoji sun sake komawa bariki, daɓen bayan motar ya fara yin tabon tsatsa.

Na riga na yi ritaya a lokacin. Ya ce in raka shi kasuwar Ƙofar Ruwa wurin Jibrin mai walda a samo abin da za a shimfiɗa. Ya san a makarantar mishan an koya mana aikin kafinta, ko da yake iyakar abin da na taɓa haɗawa benci ne.

Jibrin ya hau bayan motar ya buga ƙafa. "Baba Gwadabe, wannan amaryar taka ai ta girme ni. Me za mu sa mata, leshi?"

"Kai dai faɗi abin da ke akwai."

"Farantin ƙarfe, amma nauyinsa zai durƙusar da ita, gishiri kuma zai ci shi kamar yadda ya ci wannan. Da ni ne kai, katako zan jera. Ranar Juma'a ka ɗage shi, ƙasa ta sha iska."

"Katako yana shan jini," in ji Gwadabe. "In ya sha, ba ya fitarwa. In kwantar da Musulmi a kan wannan?"

"Ai a makara yake, Baba, ba a kan katakon ba. Kuma shi mamaci wari yake ji?"

"Masu rakiya suna ji. Ni ma na sani."

A gefen rumfar akwai wata baƙar roba mai kauri a naɗe, bel ɗin injin wata masaƙa da aka rufe. A shekarun nan kasuwar cike take da kayan masana'antun da suka mutu. Gwadabe ya zuba mata ruwan buta, ruwan ya gangare bai bar alama ba. Nan take ya ce ita yake so. Jibrin ya ce to a shimfiɗa ta kawai, a riƙa ɗagawa. Gwadabe ya ƙi. Ya ce in tana ɗaguwa najasa za ta shiga ƙarƙashi. Ya sa aka shafa gam, aka ɗaure ta da noti ta kowane gefe. Ni ma a ranar na ga kamar dabarar ta yi.

Ta yi kyau kuwa. Duk ranar da aka aiko masa, sai ya tsayar da mai ruwa ya sayi kura guda ta jarkoki, ya yi ta kwarara wa robar har ta yi ƙyalli, ya turara ta da turaren wuta. Tsofaffin unguwa suna cewa motar Gwadabe ta fi zauren wasu tsabta. Ba wanda ya ga abin da ke faruwa a ƙasa. Kowane wanki yana tura ruwan gishiri ta ramukan notin, ya kwanta tsakanin roba da ƙarfe, inda iska ba ta kaiwa. Tsabtarsa ce ta ci motar.

Bayan damina uku, wata safiya a kwata wani ɗan dako ya taka tsakiyar robar, ƙafarsa ta lotsa. Da Jibrin ya kwance notin ya ɗaga, ba mu ga daɓe ba, sai jar ƙasa tana zuba kamar garin barkono, ana hango titi ta ƙasa. Jibrin bai yi wasa ba ranar. Ya ce babu inda walda za ta kama. Dillalan fatu suka koma wa wasu motoci. Motar ta zauna a ƙofar gida, awaki suna kwanciya a inuwarta. Gwadabe ya koma tura baro a kasuwar Kurmi, da furfurarsa.

A cikin wannan hali Alhaji Abdallah ya rasu a asibiti. 'Ya'yansa suna nesa, waɗanda suka ci arzikinsa kuwa sun daɗe da daina zuwa. Ana cikin shawarar wa za a roƙa mota, sai muka ji tarin injin Fijo a bakin lungu. Gwadabe ya cire ƙyauren ɗakinsa na kwana, ya wanke shi, ya ɗora a kan ƙarafunan da suka rage, ya ɗaure da igiya. A kai aka ɗauko Alhaji zuwa gida, a kai aka kai shi maƙabarta, Gwadabe yana tuƙi a hankali yana kauce wa kowane rami.

Motar ba ta sake tashi ba. Da yamma na wuce ta gidansa na tarar da shi shi kaɗai yana mayar da ƙyauren.