Gaisuwar Inna a Rediyon 'Yan Jami'a

Ban yi lakkwal, karatun boko, mai nisa ba. Aji huɗu na yi na fita, rubutu kuwa har yau sai na sha wuya. Shi ya sa da na zo Faransa kaset ce wasiƙata. In zauna in danna, in yi ta magana, in ba wani Alhaji mai kanti a unguwar Guillotière ta birnin Lyon da ke zuwa Maraɗi saro kaya, ya kai wa Inna ƙauye. Ita ma ta sa a ɗauki muryarta ya kawo mini. Wata uku kafin amsa ta zo, wani zubin biyar.

Aikina a Lyon shara ne a wani ginin jami'a. Bokiti, tsumma, tsintsiya mai dogon mariƙi. A can ƙasan ginin ɗalibai suke da gidan rediyonsu. Gidan rediyo dai a baki: ɗaki biyu ba taga, an manne bango da kwalin ƙwai, faifai ko'ina, warin sigari da kafen sha da ya huce.

Kiɗan da suke sawa, da farko na ɗauka injin ne ya lalace. Jita ce da ganga, amma jitar kamar an jiƙa ta an shanya ba ta bushe ba. Mawaƙin ba ya ɗaga murya, da kansa yake magana, kamar wanda zazzaɓi ya saki ɗazu. Can kuma sai ya ƙwala ihu ba dalili. Suka ce rok ne, amma ba irin na manyan gidajen faifai ba, na waɗanda manyan gidajen suka ƙi ne. Inglishi suke yi, ban ji ko kalma guda ba.

Ban san ranar da kiɗan ya shige ni ba. Na dai ga ina barin barandar ƙasa sai ƙarshe, ina goge wuri ɗaya sau uku. In na fito na hau bas zuwa unguwarmu Minguettes, hazo ya kwanta bisa kogi, kiɗan na nan a kunnena. Sai in ga gadar ta yi nisa, benayen sun yi laushi, wani lokaci in ga gonar gero tana kaɗawa a inda ya kamata in ga tashar mai. In sauka ban san na iso ba.

Ƙarya na yi wa Inna, ba sai na ƙawata ba. A wata kaset na ce mata a gidan rediyo nake aiki, magana nake yi ana ji. Inna mai son rediyo ce. Shirin gaishe-gaishe na gida ba ya wuce ta, tana tankaɗe tana jin ana kiran sunayen matan wasu garuruwa, nata ba a taɓa kira ba. Na san haka, na kuma yi ƙaryar.

Amsarta ta zo. Bayan gaisuwa da labarin damina ta ce, "To, tun da Allah ya kai ka, ka gaishe ni a rediyon. Ka ɗauko ka aiko in ji da kunnena. Idona ya fara tafiya, kunnen ne ya rage."

Kwana goma ina yawo da maganar. Na yi tunanin in ɗauka a ɗaki in ce rediyo ne. Amma Inna ta san sautin rediyo kamar yadda ta san tarin kowa a gidanmu.

Masu shirin la'asar ranar Laraba su biyu ne: wani dogo mai gashi har kafaɗa, da wata yarinya mai tabarau da takalmin soja. Shef suke ce mini, watau shugaba, ni da ba ni da ko mutum ɗaya a ƙarƙashina. Na jingine tsintsiya na shiga na gaya musu komai da guntun Faransancina, har da ƙaryar.

Dogon ya ce, "Shef, wata uku kana goge bakin ƙofar nan, har daɓen ya kusa hujewa. Mun ɗauka ɗan sanda ne kai."

Na ce, "Ɗan sandan da zai kama ku sai ya toshe hanci."

Yarinyar ta tuntsire da dariya. Ta ce minti nawa nake so. Na ce gaisuwa ce kawai. Ta ce to minti ɗaya. Ban yi gardama ba, ba ta san gaisuwarmu ba.

Ranar Laraba na zo da riga mai tsabta, kamar ana ganin mutum ta rediyo. Suka zaunar da ni, suka ɗora mini abin kunne, dogon ya sa sabuwar kaset. Wata 'yar fitila ta yi ja. Yarinyar ta rage kiɗan ya koma ƙasa-ƙasa, ta nuna ni da yatsa.

Jitar nan tana tafiya a hankali a cikin kaina, kamar ruwa a rariya bayan an ɗauke sama. Na yi sallama. Na kira sunan Inna cikakke, da na ubanta, da na garinmu. Ban taɓa faɗin sunanta da bakina ba sai ranar, ɗan kirki ba ya yi. Na ji sunan ya fita ya bar ɗakin.

Daga nan kuma ba tsayawa. A wurinmu in ka gaida mutum ɗaya a rediyo ka bar na kusa da shi, ka ƙulla gaba. Na gaida Baffa, na gaida Gwaggo da ciwon ƙafarta, liman, mai gari, yayyena bi da bi, maƙwabtan gabas da na yamma, matar da ke yi wa Inna daka. Waƙar ta ƙare. Na ga dogon ya zaro wani faifai ya ɗora ba tare da ya dube ni ba. Ita ma ta ƙare, ya ɗora ta uku, wadda mawaƙin ke nishi a ciki. Yarinyar ta cire tabarau ta kwantar da kai bisa tebur tana kallona. Ban ƙara ganin kwalin ƙwai ba. Ƙofa-ƙofa nake bi a garinmu, rana ta yi sanyi, awaki na dawowa.

Da na gama dogon ya ce, "Shef, duk garin ne ka kira?"

Na ce, "Rabi ne."

Na tambaye su ina rediyon ke kaiwa. Suka ce in yanayi ya yi kyau, har Minguettes. Watau babu Bahaushe ko ɗaya da na tabbata ya ji. Ban damu ba, kaset na aljihuna.

Kafin amsa ta zo aikin ya ƙare, aka ba wani kamfani sharar. Na koma Paris, gidan ma'aikata a Montreuil, inda har yau nake unguwar, gwiwa ta mutu, baya ya sankare. Ɗaliban ban sake ganinsu ba. Yanzu ƙila furfura ta cika musu kai kamar ni. Yaran yau kowa da abinsa a kunne, ba wanda zai tsaya bakin ƙofa ya ji na wani.

Alhaji ya aiko kaset ɗin ta hannun wani direba. Wata Lahadi da azahar, abokan ɗakina sun fita, na danna. Kaji, turmi daga nesa, sai muryarta.

Ta ce an saurara a zaure sau huɗu. Gwaggo ta yi kuka. Mahaucin garin ya yi fushi ban kira shi ba, in gyara. Sannan ta ce:

"Na san shara kake yi. Tun bara na tsare Alhaji ya gaya mini. Na so in ga yadda za ka yi ne. To, ka yi. Na ji sunana."

Na kasa ɗaga kai, ni kaɗai a ɗaki.

Ta ci gaba. "Wannan bawan Allah da ke nishi a bayanka, mi ke damunsa? Ba shi da kowa ne? In ka gan shi ka ce ina gaishe shi, Allah ya ba shi sauƙi. Kuma in za ka aiko wata, ka bar shi ya yi nasa har ƙarshe, kar ka katse shi. Da shi nake yin barcin rana."