Rijiya Uku, Tsoho Ɗaya

Shekarar da zan gama karatu a Yamai, malamina ya ba ni aikin rarrabe kare-karen Tamajak, harshen Buzayen ƙasarmu, in zana taswirarsu. In ban kai ba kafin damina, sai in maimaita shekara.

Na dawo Filingue kai ya kumbura. Kowace Lahadi ina kasuwar dabbobi da waya da butar shayi. In na samu Buzu sai in tambaye shi inda ya fito, in rubuta, in naɗi muryarsa.

Lahadi uku a jere na dace da tsofaffi masu daɗin hira: na wajen Imanan, na arewacin Kurfai, da na wata rijiya can gabas. Da na saurare su, maganarsu iri ɗaya sak! Kari ɗaya ya mamaye ƙasa guda, kuma ni na gano! Na yi tsalle a tsakar gida har na zubar da ƙullun innata. Da jan alƙalami na zagaye rabin taswira, ina jin har an fara tafa mini.

Inna mai fura ce a kasuwar. Don taƙama na kunna mata muryoyin da na naɗa, sai ta fashe da dariya.

"Wanga ai tsohon nan na mai gurgun raƙumi. Wanga ma shi na. Duk ukun shi ɗai na!"

Ashe amawali ya rufe mini fuskarsa, ni kuwa idona na kan takarda. Kunya ta kama ni, da tsoro.

Lahadi na tare shi da faɗa. Ko a jikinsa.

"Yaro, inda nif fito kat tambaya, ni ko rijiyad da nib baro nika hwaɗi. Ba ka tambayi mutanen uwata ba. Ɗora shayi."

Kafin mu sha zagaye na uku na shayin, ya kwaikwaya mini bakin dangin uwarsa, da na surukansa, da na masu saukowa daga Azawak da rani, kowa da inda yake tanƙwasa harshe. Cike da murna na naɗe su duka.

Na ci jarrabawa. A shafin farkon kundina na gode wa mutum uku, Inna ta ce in gaishe su in na gan shi.