Baba Dachung, Mai Auna Buta

Ƙarfe shida na safe Baba Dachung yake sauka daga bas a City Island, wani ɗan tsibiri can ƙasar Turawa, kular abinci a hannu, tef ɗin awo a aljihu. Shekara ashirin da shida ke nan yana aiki a wata farfajiyar gyaran jiragen ruwa. Sana'arsa ƙera tankin masai, wato ma'ajiyar da ke riƙe ƙazantar banɗakin jirgi har a dawo gaɓa a zuƙe ta. Wanda ya yamutsa fuska da jin haka ya tuna shi ma yana shiga banɗaki. Ƙarshen watan nan mutumin Jos ɗin zai ajiye aiki, kuma bai kamata ya tafi shiru ba.

Ku tambayi Oumarou. Ɗan Nijar ne da ya tashi a bakin kogi, ya sayar da shagonsa na titin 116 a cikin birni ya sayi tsohon jirgi mai ɗaukar mutum arba'in, don kai mutanenmu yawo da kamun kifi. Fitarsa ta farko bara, kafin La'asar tanki ya cika ya yi ambaliya, da dattawa a ciki. Aka juyo kowa da hanci a toshe. Hajiya Habsatou, shugabar matan ƙungiyarsu, ta ce ita da jirgin nan har abada. Bana da ƙyar aka lallashe ta a sake gwadawa a yawon bayan Sallah. In aka kuma, babu mai sake hawa, jirgi kuma sai a sayar.

Oumarou ya je wurin Dachung da muguwar shawara.

"Baba, ka sa mini ɗan famho daga ƙasa. In ya cika in buɗe, ruwa shi tafi da shi. Wa zai gani?"

"A ruwan da kake kai mutane kamun kifi? Su soya su ci, su yi maka godiya? Doka ma ta hana, ni kuma ko ba doka ba na yi."

"To mi za a yi? Tankin ga sabo ne."

"Alhaji, buta nawa ke cikin jirginka?"

"Shidda."

"Ka ga ciwon."

Kamfanin da ya yi tankin ya yi lissafin mutanen da ke amfani da takarda a banɗaki su danna ruwa sau ɗaya. Mutanenmu da buta suke tsarki. Ga alwalar Azahar da ta La'asar, kowa kuma a kan masai yake tsiyaye ruwansa don kada ya jiƙa daɓe. Babu littafin kamfani da ya san wannan. Dachung Kirista ne, amma da maƙwabta masu buta ya girma, ya kuma riƙe abin da ya gani.

Ya karɓi buta ɗaya, ya cika, ya juye a bokitin awo. Ya sa Oumarou ya yi alwala a gabansa, ya auna abin da ya zuba.

"Kai alwala kake yi ko wanka?" in ji shi.

Ya rarrafa ƙarƙashin benci da kwali da almakashi, yana da shekara sittin da bakwai, ya yanko siffar cikin jirgin kusurwa kusurwa, don kada taƙi ɗaya ya tafi a banza. Ya ƙi yin sabon tankin da ƙarfe, ya ce fitsari na cinye shi. Da roba mai kauri ya yi waldarsa, ya faɗaɗa bututun fitar iska, ya ware wa masu alwala wurinsu daban da masai. Kwana biyu ya bar tankin cike da ruwa yana duba ko zai yi yoyo.

Kai ne, Baba, ka ɗauki aikin da ake kunyar ambata ka yi shi kamar za a kafa shi a tsakar gida. Aikinka in ya yi kyau, babu mai tunawa da kai.

Ran yawon, mutum talatin da takwas suka hau. Aka ci, aka yi salloli biyu, aka dawo da yamma. Oumarou ya ce rabin hankalinsa na kan sitiyari, rabi na kan allurar da ke nuna cikar tanki. Da Hajiya Habsatou za ta sauka, ya tsaya yana jiran hukunci.

"Oumarou," ta ce, "shinkafarku ta yi gishiri."

Iyakar ƙorafinta ke nan. Oumarou ya kira Dachung, ya ce allura ta ɗan wuce rabi kawai.

"Na sani," in ji Baba. "Ai na auna."

Mun gode, Baba Dachung. Allah Ya ba ka hutu da lafiyar gwiwa. Ku kuma masu raina sana'a saboda warinta, da masu neman famfon ɓoye a kowane aiki, ku je City Island kafin wata ya ƙare. Ku tsaya ku ga yadda dattijo ke auna buta.